Kundin Gwajin Kayan Sauti: Tsada Tana Ƙara Daɗin Kiɗa Kuwa?

6 ga Janairu

Tambayoyi biyu ne a ƙarƙashin wannan aikin, kuma tun daga tushe aka raba su, domin cakuɗa su da ake yi shi ke hana gardamar kayan sauti ƙarewa. Ta farko: idan mutum bai san abin da ke kunne ba, kunnensa zai iya bambanta kaya masu tsadar gaske da masu matsakaicin kuɗi? Ta biyu: ko da ya bambanta, daɗin kiɗan yana ƙaruwa masa? Ta farko awo ne, ana gama shi a zama ɗaya. Ta biyu sai an bi ta a hankali, ita za ta zo ƙarshe.

Saiti biyu ke hannu. Ƙaramin saiti yana da na'urar mai da lambobin fayil sauti, wadda ake kira DAC, da amfilifaya (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai lasifika) ta taransisto mai wat 60 a kowane ɓangare, da ƙananan lasifiku biyu masu wufa (faifan da ke fitar da sauti mai kauri) inci 6.5 a kan ƙafa. Babban saiti, wanda kuɗinsa ya ninka na ƙaramin fiye da sau 20, yana da DAC tasa, da amfilifaya mai wat 250, da dogayen lasifiku masu tsayuwa a ƙasa, da wayoyi masu kauri. Akwai kuma amfilifaya ta bawul (mai aiki da kwalaben gilashi maimakon taransisto) mai wat 30 da aka ajiye don gwaji na daban. Ba za a ambaci sunan kamfanin ko ɗaya ba, ba talla ake yi ba, ba kuma kushe ba.

Ɗakin tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 3.8, tsayinsa mita 2.7. Bango bulo ne da filasta, ƙasa tayil. Masu saurare mutum shida, akwai matasa akwai manya. Kayan awo: maltimita mai auna bolt, makirufon awo UMIK-1, da manhajar REW wadda ake samu kyauta.

13 ga Janairu

Daidaita ƙarfin sauti. Wanda ya tsallake wannan matakin, duk abin da ya rubuta daga baya shirme ne, don haka za a daɗe a kansa.

Kunnen ɗan Adam ba ya jin bes da siririn sauti daidai da yadda yake jin na tsakiya, kuma wannan gibin yana raguwa idan aka ƙara ƙarfi. Fletcher da Munson suka fara auna haka a ɗakunan binciken Bell a 1933, kuma ma'aunin ISO 226 na yau a kan wannan turbar yake. Abin da hakan ke haifarwa shi ne, in na'ura ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi da rabin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) kawai, mai saurare ba zai ce ta fi ƙara ba. Cewa zai yi ta fi cika, ta fi fitar da muryar mawaƙi, bes ɗinta ya fi nauyi. Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya ji ke nan, sai dai ya ɗora shi a kan dalilin da ba shi ba.

Da aka auna, DAC ta ƙaramin saiti tana fitar da bolt 2.0, ta babban kuma bolt 2.3. Wannan ratar desibel 1.2 ce. Duk wanda ya cire waya daga wannan ya soka a waccan ba tare da ya taɓa makunnin ƙara ba, babbar zai zaɓa, kuma zai rantse a kai.

Yadda ake daidaitawa: a kunna tsayayyen sauti guda na hatz 400 (wato mai kaɗawa sau 400 a daƙiƙa), a ɗora maltimita a kan bakin wayoyin lasifika, a juya makunni har ta nuna bolt 1.00. A koma ɗaya na'urar a yi haka. Iyakar ratar da aka amince da ita desibel 0.1 ce, wato kusan kashi 1 cikin 100 na bolt, ke nan tsakanin 0.99 da 1.01. Dalilin zaɓen hatz 400 maimakon 1,000 da aka saba shi ne yawancin ƙananan maltimita don wutar gida mai hatz 50 ko 60 aka yi su, da an haura 'yan ɗaruruwa sai karatunsu ya fara zamewa. Kada a daidaita da makirufo ko manhajar wayar hannu. Matsar da makirufo da yatsa biyu kawai yana canza karatu fiye da desibel 0.1 ɗin da ake nema.

Wani abu kuma, makunnin babbar amfilifayar taki-taki yake tafiya, rabin desibel kowane taki, ba ya tsayawa a tsakani. An cike ragowar daga kwamfuta.

20 ga Janairu

An haɗa akwatin sauyawa. Tsarin gwajin shi ne wanda ake kira ABX, wanda David Clark ya yi bayaninsa a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a 1982. Mai saurare yana da maɓalli uku. A na'ura ɗaya ce, B ɗayar, X kuwa ɗaya ce daga cikin biyun da kwamfuta ta zaɓa a ɓoye. Ya saurara iya son ransa, ya koma baya sau nawa ya ga dama, sannan ya ce X ɗin A ce ko B. Wanda ke kula da gwajin shi ma bai san amsar ba, domin fuska da motsin jiki suna tona asiri.

Kowane mutum zagaye 16. Wanda ya ci 12 ko fiye, damar a ce sa'a ce kawai ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Amma da yake mutum shida ne, damar a samu ɗaya daga cikinsu ya kai 12 da canki kaɗai ta kai kusan kashi 21 cikin 100. Saboda haka an kafa doka tun kafin a fara: duk wanda ya ci, zai sake wani zagaye 16 a wata rana, sai ya maimaita za a ƙirga masa.

Kayan akwatin: rile (makunnin da wuta ke sarrafawa) huɗu masu ɗaukar amfiya 16, kowanne mai baki biyu, ƙaramin allon Arduino, rezisto (abin da ke yi wa wuta turjiya) biyu na om 8 masu jure wat 100 a kan farantin alminiyam. Abubuwa uku ne ba a wasa da su. Dole rile ya riƙa katse wayar ja da ta baƙa duka biyun, domin wasu amfilifayoyin bakinsu na baƙa ba ƙasa ba ne, akwai wuta a kansa, haɗa shi da na wata na iya ƙona su duka. Dole rile ya saki na farko kafin ya kama na biyu. Sannan amfilifaya ta bawul ba a barinta tana aiki babu lodi, taransifomarta ta fita na iya lalacewa, shi ya sa da zarar an ɗauke mata lasifika sai rezisto ya maye gurbi.

Matsalar da ta fara fitowa ƙarar rile ce. In aka tashi daga A zuwa X aka ji ƙwas, an san X ɗin B ce. In shiru, A ce. An gyara umarnin allon yadda kowane danna maɓalli zai saki dukan rile, ya yi shiru na rabin daƙiƙa, sannan ya kama wanda ake so. Akwatin kuma aka naɗe shi da soso aka kai bayan labule.

24 ga Janairu

Ƙugi ya bayyana a ɓangaren babban saiti kaɗai, ƙasa-ƙasa, amma a ɗaki mai shiru ya isa ya fallasa X. Sanadinsa hanyoyin ƙasa biyu: kwamfuta da amfilifaya kowace tana da nata ƙarfen ƙasa a soket, ga kuma wayar sauti ta sake haɗa su, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa. An mai da komai kan soket ɗaya, aka kuma haɗa kwamfuta da DAC da wayar haske ta TOSLINK wadda ba ƙarfe a cikinta. Ƙugi ya ɗauke. Akwai masu karya ƙarfen ƙasa na fulogi don su rabu da wannan. Kada a yi. Shi ne ke tsakanin mutum da wuta ranar da waya ta zame ta taɓa jikin na'ura.

3 ga Fabrairu

Gwajin DAC biyu, amfilifaya ɗaya, lasifika ɗaya. Kafin a fara an tarar babbar tana jinkirta sauti da wani ɗan lokaci fiye da ƙaramar, yadda in aka sauya sai kiɗan ya ɗan yi tuntuɓe. Rabin daƙiƙar shirun nan da aka sa ya rufe wannan. Babu wanda ya kai 12. Ba abin mamaki ba ne: duka biyun layin awon ƙarfin sautinsu a miƙe yake daga hatz 20 zuwa 20,000, kuma hayaniyarsu da gurɓatarsu sun fi desibel 100 a ƙasa da kiɗan, alhali shirun ɗakin da kansa yana kusa da desibel 30.

Wayar lasifika ba ta ma buƙatar dogon zama, lissafi ya isa. Jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1 yana da turjiyar om 0.0172 a kowace mita. Waya mai kaurin 2.5, tsawon mita 3, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, turjiyarta om 0.04. A kan lasifika mai om 4 asarar ba ta kai desibel 0.1 ba. An gwada ta da mai tsadar, ba wanda ya raba su.

To amma don kada a ce akwatin ne ke haɗiye bambanci, an sa siririyar waya mai kaurin 0.5, tsawon mita 10. Turjiyarta om 0.69. Lasifika kuwa turjiyarta ba tsayayya ba ce: ƙaramar tamu tana sauka om 4 a wani wuri, tana haurawa kusan 30 a wani. A om 4 wayar tana cin desibel 1.4, a om 30 tana cin 0.2, ke nan ta karkatar da sautin da desibel 1.2. Wannan kam an kama shi, musamman da aka kunna shuuu ɗin gwaji mai kama da saukar ruwan sama. Waya tana iya ɓata sauti in ta yi siriri ko ta yi tsawo. In kaurinta ya isa, babu sauran abin da kuɗi zai ƙara mata.

10 ga Fabrairu

Amfilifaya. A nan labarin ya rabu uku.

Da aka haɗa mai wat 60 da mai wat 250 a matsakaicin ƙarfi, kusan desibel 75 a wurin zama, mutum ɗaya ya ci 12, da ya sake a wata rana bai maimaita ba. Sauran duk canki.

Da aka ƙara ƙarfi, abin ya canza, kuma ga dalili. Ƙaramar lasifikar tana ba da desibel 86 a nisan mita 1 da bolt 2.83. A nisan mita 2.5 an rasa desibel 8, lasifika ta biyu ta dawo da 3, saura 81 da wat 1. Kiɗan da aka ɗauka da kyau, irin mai ganguna ko babbar tawagar makaɗa, bugunsa yana iya haura matsakaicinsa da desibel 20. Don a kai 100 a kan bugu ana buƙatar ƙarin desibel 19, wato kusan wat 80. Mai wat 60 ba ta da shi, sai ta sare kan sautin, ganga ta yi tauri, kuge ya yi kaushi a kunne. Kowa ya ji wannan. Sai dai abin da aka ji ƙarancin wat ne, ba ƙarancin daraja ba. Amfilifaya mai sauƙin kuɗi da ke da wat 150 na gaskiya za ta warware shi. A tuna kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kaɗai yake ba da wa, kuma sai an ƙara kusan 10 kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka.

An taƙaita wannan zaman da gangan. Ƙa'idar hukumar NIOSH ta Amurka ita ce desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Babu na'urar da ta kai kunne tsada.

Ta bawul kuwa an gane ta ba wahala, ko a ƙaramin ƙarfi. Turjiyar bakinta da aka auna kusan om 2 ce, ta taransisto kuma 0.05. Lissafin siririyar wayar nan ne ya dawo, amma ya fi girma: desibel 3.5 a om 4, 0.6 a om 30, ratar kusan 3. Ita ce ke ba da ɗumin nan da kaurin bes da masoyanta ke yabo, kuma biyu daga cikin masu saurarenmu sun fi son ta, ra'ayinsu kuma abin girmamawa ne. Da aka jona rezisto na om 2 mai wat 25 a jere da bakin ƙaramar amfilifayar taransisto, aka sake daidaita bolt, ratar ta ragu ƙwarai har gane su ya zama aiki. Bob Carver, mai ƙera amfilifaya, ya yi irin wannan a 1985, a wani gwaji da ya yi da mujallar Stereophile, ya gyara tasa har ta yi kama da wata ta bawul mai tsada.

17 ga Fabrairu

An kafa makirufo a wurin kan mai saurare, aka auna ɗakin. Duk bambancin da aka shafe makonni ana farauta a na'urori bai kai ɗigo ba idan aka kwatanta da abin da ya fito a allo yau: tudu mai desibel 9 a hatz 69, da rami mai zurfin desibel 14 a kusa da hatz 104. Wato a cikin bes ɗin waƙa ɗaya, wani bugu yana cika ɗaki yana jan wutsiya, na kusa da shi kuma ya ɓace kamar ba a kaɗa ba.

Duka biyun ana iya hango su da tef ɗin awo tun kafin a kunna komai. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, akwai sautin da ke kai da komowa yana ƙarfafa kansa. A raba 343 da ninkin tazarar biyu. Tsawon mita 5 ya ba da hatz 34, sai 69, sai 103. Faɗin mita 3.8 ya ba da 45 da 90. Tsayin mita 2.7 ya ba da 64. Na 45 bai fito a awon ba, domin kujerar tana tsakiyar faɗin ɗakin daidai, inda wannan amon ke mutuwa, kuma lasifiku biyun suna zaune daidai wa daida hagu da dama. Na 69 shi ne tudun.

Ramin kuwa daga bango yake. Bes yana fita ta ko'ina, har ta baya. Wanda ya bugi bango ya dawo, in tazarar ta kai rubu'in tsawon zangonsa, yana iso wa a juye sai ya kashe na gaba. A raba 343 da ninkin tazarar huɗu. Fuskar lasifikar tana santimita 85 daga bangon da ke bayanta, ya ba da hatz 101. Tana santimita 80 daga bangon gefe, ya ba da 107. Ramuka biyu suka faɗa wuri guda. Ƙa'idar da za a ɗauka a nan: kada tazarar baya da ta gefe su zo ɗaya.

An tura lasifikun baya har fuskarsu ta koma santimita 45 daga bango, an bar santimita 15 tsakanin bayansu da bangon saboda ramin iskar da ke baya ya samu numfashi. Ramin ya tashi zuwa wajen hatz 190, ya kuma rage zurfi, kuma a can abin tsotse sauti yana iya kama shi. Kujera tana mita 1.9 daga bangon da ke bayan mai saurare, kusan kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin. An gwada jingina ta da bango, bes ya yi ambaliya; an gwada tsakiyar ɗaki, na ƙasa-ƙasan ya gudu, na 69 ya ƙara kumbura.

Tudun an rage shi da matatar kwamfuta ta Equalizer APO: hatz 69, ragin desibel 7, faɗi siriri. Rami ba a cike shi da wannan hanyar. Ƙarin desibel 6 yana cin wat ninki huɗu, kuma sautin da ke dawowa daga bango shi ma yana ƙaruwa daidai da haka, sai a ƙone wuta a banza wufa tana wahala.

2 ga Maris

Tafi ɗaya a ɗakin yana barin wata 'yar ƙara tana karkarwa tsakanin bangon gefe biyu. REW ta nuna sauti yana ɗaukar daƙiƙa 0.7 kafin ya mutu da desibel 60. Ana son wajen 0.4. Da lissafin Sabine na daɗewar amo a ɗaki, ɗaki mai girman kubik mita 51 yana buƙatar ƙarin abin tsotsewa kusan murabba'in mita 9.

An haɗa allo 8, kowanne santimita 60 da 120: firam na katako, audugar dutse mai kaurin santimita 10 a ciki, yadi a sama. Yadin a kara shi a baki a hura. In iska ba ta wuce ba, sauti ma ba zai shiga yadda ake so ba. Wajen yankan audugar a sa safar hannu da takunkumi, tana ƙaiƙayi kuma ƙurarta ba ta shaƙuwa. An rataye su da tazarar santimita 10 daga bango, domin wannan iskar ta baya tana sa su kama sauti mai kauri fiye da in an manna su. Wurin ratayewa da madubi ake nemo shi: mutum ya zauna a kujera, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda na zaune ya hango lasifika a ciki, nan ne. Biyu kowane gefe, biyu a bayan lasifiku, biyu a silin. Kafet mai kauri a tsakanin kujera da lasifiku. Awo ya sauko 0.42.

Siririn soson nan mai ƙuraje da ake mannawa a bango bai shiga aikin ba. Kaurin santimita 2 ko 3 siririn sauti kaɗai yake sha, ya bar bes yana ƙugi, ɗaki ya zama dishi-dishi a sama, a ƙasa kuma yana nan yadda yake.

Masu saurare shida sun dawo, kayan nan dai na ƙaramin saiti. Ba a buƙaci ABX ba. Kalmomin mawaƙi sun fito sarai, kowane makaɗi ya zauna wurinsa tsakanin lasifiku.

9 ga Maris

Lasifika da lasifika. Ita ce na'urar da ke da aiki mafi wuya, mai da wuta motsin iska, kuma gurɓatarta tana ninka ta amfilifaya sau ɗaruruwa. Nan ne ake sa ran kuɗi zai yi magana.

An bi tsarin Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana irin wannan gwajin a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada kafin ya koma kamfanin Harman: lasifika ɗaya tak maimakon biyu, domin aibu ya fi fitowa haka, wuri ɗaya ga kowace, an yi wa ƙasa alama da salatif, labule mai wuce sauti amma ba ya nuna abin da ke baya, da fitila a ɓangaren masu saurare. An ɗora kowace a kan katako mai taya. Ƙarfi an daidaita shi da shuuu ɗin gwaji tsakanin hatz 500 da 2,000. Raunin tsarinmu shi ne sauyawa tana cin kusan rabin minti, alhali kunne yana manta ainihin launin sauti cikin 'yan daƙiƙu. An rage illar da maimaita gajeren yanki na daƙiƙa 20.

Babbar ta yi nasara, kuma da hujja. Tana sauka har wajen hatz 30, ƙaramar tana sarewa a wajen 50. In aka ƙara ƙarfi tana nan a natse, ƙaramar kuwa wufarta tana kai iyaka, murya ta fara rawa tare da bes. Wannan daɗi ne na gaske, kuma kuɗi ne ya saye shi: girman akwati, yawan wufa, kaurin katako. Ita ma ta zo da nata: ta tayar da amon hatz 34 da ƙaramar ba ta iya kai wa, sai da aka sa mata matata ta biyu.

Daga nan aka ƙara wa ƙaramar sabwufa, wato lasifikar bes zalla, mai inci 12 a rufaffen akwati, aka yanke a hatz 80 yadda bes ba ya zuwa mata sam. Kafin a dace sai da aka juya makunnin da ke daidaita tafiyar zangon sabwufar da na lasifikar, domin da farko ita da lasifikar suna kashe juna a daidai wurin haɗuwa. Bayan haka makin ya matso kusa ƙwarai, ra'ayi ya rabu. Ya yi daidai da binciken Sean Olive na 2004, inda ya samu cewa bes kaɗai yana ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ke sa mutane fifita wata lasifika a kan wata.

16 ga Maris

Fayil mai bit 24 da kilohatz 96, wato mai ɗauke da bayanan sauti da yawa, da na ma'aunin faifan CD mai bit 16 da kilohatz 44.1. Tarkon a nan shi ne sayen waƙa ɗaya a siga biyu, domin sau da yawa ba gyaran ɗakin ɗauka ɗaya ba ne. An matse ɗaya don ya yi ƙara, an bar ɗaya da numfashinsa. An ɗauki babban fayil aka sauko da shi da manhajar SoX, aka gwada a manhajar kunna waƙa ta foobar2000. Ba wanda ya ci. Meyer da Moran a 2007 sun samu amsa daidai 276 cikin 554, wato rabi. Joshua Reiss a 2016 ya tattara gwaje-gwaje 18 ya ga ɗan rinjaye, kashi 52 da ɗoriya, ya fi fitowa ga waɗanda aka horar. Akwai shi, amma ƙanƙani ne.

Matsattsen gyara da sakakken gyara na waƙa ɗaya kuwa, kowa ya raba su nan take, a kan kowane saiti.

23 ga Maris

An yaye labule, an koma tambaya ta biyu. Amfilifayoyi biyun nan da aka kasa rabawa a watan jiya, da bolt a daidaice kamar dā, yanzu ana ganinsu. Makin babbar ya tashi, bayanai suka yi ta zuwa: ta fi zurfi, ta fi natsuwa. Gani ya kori ji. Toole da Olive sun nuna haka a 1994 da lasifiku, inda makin ya canza da aka bar mutane suna gani, har da ƙwararrun cikinsu. Ba kuma masu saurare kaɗai ba: a gwajin da Claudia Fritz da abokan aikinta suka wallafa a 2012, makaɗan gogen Turai 21 da aka sa wa tabarau mai duhu, yawancinsu sababbin goge suka zaɓa a kan tsofaffin Italiya irin na Stradivari.

Ba daidai ba ne a yi wa wannan dariya. Daɗin da mutum ya ji yana kallon na'urar da yake ƙauna, mai nauyi a hannu, makunninta yana juyawa sumul, daɗi ne na gaskiya, a cikin kansa yake faruwa kamar kowane daɗi. Wanda ya sayi wannan da saninsa bai yi asara ba. Wanda ake tausaya wa shi ne wanda aka gaya wa sautin ne ya canza, ya bar ɗakinsa da ramin desibel 14, ya tafi sauya waya.

Akwai kuma abin da aka lura da shi tun gwajin farko, wanda ya fi damunmu. Mai farautar bambanci ba ya jin waƙa. Yana bin kuge ne, yana jiran wani bugu, ya dawo da daƙiƙa 20 ɗin nan sau da sau. In wannan ya zama ɗabi'a, mutum yana iya tara kaya masu kyau ya koma yana da faifai biyar kacal da yake kunnawa, waɗanda ke fito da kyan na'ura, ya bar waƙoƙin da suka sa shi son kiɗa tun farko don an ɗauke su da tsofaffin kaya. Maki daga 1 zuwa 10 ba zai kama wannan ba, shi ya sa gwaji na gaba zai auna hali, ba ra'ayi ba.

30 ga Maris

Tsarin dogon gwaji ya kammala. Saiti biyun za su koma bayan labule gaba ɗaya, ƙaramin tare da sabwufarsa, kowanne da matatarsa yadda layin bes zai zo kusa. Kowane mai saurare zai riƙa zuwa shi kaɗai da waƙoƙin da ya ga dama, makunnin ƙara a hannunsa, ba a tambayarsa komai game da sauti. Kwamfuta ce za ta zaɓi saitin kowane zama, ta kuma rubuta abu uku: tsawon zaman, yawan waƙoƙin da aka bari suka kai ƙarshe, da ƙarfin da aka tsaya a kai. Zama takwas ga kowa, huɗu a kan kowane saiti, a cakuɗe.

Saura abu biyu kafin a fara. Lasifiku huɗu ba za su zauna wuri ɗaya ba, kuma wadda ba a kunna ba wufarta tana rawa da bes ɗin maƙwabciyarta tana shan wani abu daga ciki. Za a riƙa fitar da biyun da ba sa aiki, wanda ya fitar da su kuma ba zai haɗu da mai saurare ba. Sannan babbar amfilifayar tana ɗumama ɗaki kuma fitilarta tana ratsa yadi, don haka duka biyun za su kasance a kunne a kowane zama, an rufe fitilunsu da baƙin salatif.